Bashin balans ne ya kai ƙanina sel, shin talaka ba shi da haƙƙi ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanina ɗan adaidaita ne, ya yi jinya sati uku bai fita ba balans, wato kuɗin da yake biyan mai keken, ya taru, mai keken ya sa aka kama shi, yau kwana shida yana caji ofis kuma sun ce sai mun kawo kuɗin beli. Mu ko na cefane da ƙyar. Wai haƙƙin ɗan Adam ɗin nan da ake ta faɗa a rediyo na masu kuɗi ne kawai? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ƙara masa lafiya. A takarda dai haƙƙin ƙaninki da na ɗan gwamna ɗaya ne, wajen karɓa ne ake shan bamban, don shi wancan waya ɗaya za a buga lauya ya iso kafin a gama rubuta sitatimen.

Bashi ba laifi ba ne. Dokar 'yan sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, wannan aikin kotu ne. Sannan sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya in akwai kotu cikin kilomita 40, to a cikin Kano kuwa ina za ki tsaya ba kotu kusa? Kwana shida ya wuce gona da iri. Beli kuma kyauta ne, 'yan sandan da kansu suke liƙa shi a bango.

Amma ki kula, dabarar da ake yi ita ce a canza wa bashin suna a rubuta cin amana ko zamba, shi kenan ya koma laifi. Shi ya sa za ki nemo takardar yarjejeniyar keken da katin asibiti da duk wani alat na kuɗin da ya taɓa turawa, su ne shaidar cewa yana biya ciwo ne ya tsayar da shi. Abin takaici, wanda banki ke bi miliyoyi wasiƙa ake aika masa, mai bashin balans shi ke kwana a siminti.

Gobe da safe ki je ofishin Legal Aid Council, hukumar gwamnati ce da ke ba marasa hali lauya kyauta tun 1976, in ba su motsa da wuri ba ki wuce Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ki rubuta ƙorafi. Kar ki je caji ofis ɗin ke kaɗai kuma kar a yi hayaniya, a nemi ganin DPO, wato shugaban caji ofis ɗin, da kansa. Shi mai keken kuwa haƙƙinsa na nan bai faɗi ba, a samu mai unguwa ko shugaban tashar su ya zauna da shi a tsara yadda za a riƙa biya kaɗan-kaɗan, a rubuta, kowa ya sa hannu.