Mahaifiyata Za Ta Iya Ziyarar Ƙasa Mai Tsarki?

Tambaya: Mahaifiyata tana da shekara 72, kuma tana fama da ciwon gwiwa, amma ta ƙudurta bin ayarin ikilisiyarmu zuwa Urushalima. Shin za ta iya jure tafiyar? Daga wata mai karatu a Kaltungo, Jihar Gombe.

Amsa: 'Yar'uwa, in likita ya amince, kada ki hana Mama cika burinta. Galili ba ta da wahala, domin a kwalekwale ake zagaya tekun, mota kuma tana kai mutum har bakin Kafarnahum. Wahalar tana Urushalima: gangaren Dutsen Zaitun zuwa Getsamani yana da tsauri, Hanyar Gicciye kuma, mai zango 14, duk dutse ne da matakala, gara ta riƙe sanda ta bi a hankali. A Baitalami sai ta sunkuya sosai kafin ta shiga ƙaramar ƙofar Cocin Haihuwa, sannan ta sauka kogon da tauraron azurfa yake a ƙasa, alamar wurin da aka yi imani an haifi Yesu, inda tsofaffi kan durƙusa suna hawaye. In a watan Janairu ne tafiyar, sanyin can ya fi hunturun Kaltungo, ga ruwan sama, saboda haka ki saya mata rigar sanyi mai kauri, ki kuma sanar da shugaban ayarin halinta tun kafin tashi.