Hukuncin tara tsofaffin kwandalolin azurfa na dalar Amurka da cinikinsu

TAMBAYA:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni mazaunin Amurka ne ina tuƙin babbar mota, kusan shekara 3 kenan na shiga harkar tara tsofaffin kwandalolin azurfa waɗanda ake ce ma Morgan, wani abokin aikina ne ya nuna min. Yanzu ina da guda 31, yawancinsu kamfanin PCGS ko NGC sun duba sun ba su maki sun rufe a gidan roba. Abinda ke damuna Malam, a jikinta dala 1 aka rubuta amma ni da ɗaruruwan daloli nake saye, shin ba riba bace ta haram? Galibi a eBay nake saye in biya da kati, bayan kwana 4 ko 5 a kawo min, akwai kuma wani shago da suka saba dani suna bani in biya sau uku. Watan jiya na ba mai shagon guda 3 na 1921 da cikon kuɗi ya bani guda 1 ta 1884 mai alamar CC, wato wadda aka buga a garin Kason Siti. Wani ya ce min tunda ba a kashe su a kasuwa sun zama kaya kamar agogo, babu komai. Sannan ya batun zakka? Dan Allah a sakaya sunana, iyalina bata san adadin kuɗin da na zuba ba.

AMSA:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa Allah ya yi maka albarka da ka tambaya, amma inda ka sa ido ba nan matsalar take ba, ka ji tsoron abinda ba komai ka wuce ta kan abinda yake da komai.

Tara su halal ne, hoton kan mace da na mikiya da ke jiki ma ba zai hana ba, sahabbai sun yi ciniki da dinarin Rumawa da dirhamin Farisa masu hotuna har zuwa lokacin da Abdulmalik ɗan Marwan ya buga namu. Tsadar ma ba laifi. Dala 1 ɗin da aka rubuta ka manta da ita, ai ba ita kake saye ba. Wannan kwandala da aka buga daga 1878 zuwa 1904 sannan aka sake a 1921, nauyinta giram 26.73 ne, kashi 90 cikin 100 azurfa sauran tagulla, wato akwai tsantsar azurfa wajen giram 24 a cikin kowace ɗaya. Toh a ido na shari'a azurfa ce, kuɗin takarda kuma jinsi ne daban, idan jinsi ya bambanta ku sayar yadda kuka so. Ta 1893 mai alamar S, wato bugun garin San Francisco, da guda 100,000 kacal aka buga, ko ta goge dubban daloli ake sayenta, wanda ya saya da yardarsa bai ci riba ba, sai dai a tambaye shi ko hankali ne.

Sharaɗin da ka zubar shine hannu da hannu. Ka ce shago suna baka ka biya sau uku, wannan bai halatta ba, azurfa ba a sayenta bashi da kuɗi, ko da ba su ƙara maka ko sisi ba a kan farashin. Na eBay ma haka, kuɗinka ya fita yau azurfar ta iso bayan kwana 5, an rabu ba a karɓa ba. Mu a mazhabar Malikiyya ma abin ya fi tsanani, ɗan jinkiri kaɗan a wajen canji ana ƙinsa balle kwanaki. Mafita tana nan kuma ba wuya: ka je shago ko irin taron baje kolin kwandaloli da suke yi a garuruwansu ka biya ka karɓa a tsaye, biya da katin da ke cire kuɗi daga asusunka nan take ya wadatar. In ta intanet ne ka nemi mai sayarwa na kusa ku haɗu, abinda kuka yi a waya ya zama alkawari kawai cinikin sai an haɗu, ko ka wakilta wani amintacce a garin mai kayan ya biya ya karɓa a madadinka sannan ya aiko maka, hannun wakili hannunka ne.

Musayar nan ta watan jiya ita ce ta fi tayar min da hankali. Azurfa giram 72 da ɗoriya ka bayar har da cikon kuɗi ka karɓi giram 24, wannan ita ce ribar fifiko tsagwaronta, wato musayar azurfa da azurfa wani ɓangare ya fi wani nauyi. Na san me zaka ce, ai ta Kason Siti ce, ba a buga da yawa ba, ta 1921 kuwa an buga su kamar ƙasa. Gaskiya ne a kasuwa. Amma ranar da aka kawo ma Annabi (SAW) dabino mai kyau na Khaibar aka ce sa'i ɗaya ake karɓa da sa'i biyu na mara kyau, bai ce musu ƙimar ƙarya bace, cewa yayi kar ku yi haka, ku sayar da naku da dirhami sannan ku sayi mai kyan da dirhamin. Kai ma hanyarka kenan, ka sayar da ukun ka riƙe kuɗinka sannan ka sayi wadda kake so, kuma in so samu ne ba wajen mutum ɗaya ba, don Imamu Malik baya son a yi irin wannan da mutum ɗaya a zama ɗaya saboda sai ya koma wasa da hankali.

Yanzu maganar wanda ya ce maka sun zama kaya kamar agogo. Ban raina shi ba don maganar tana da asali, sai dai ya ɗora ta inda ba wajenta ba. Idan tsohon kuɗin takarda ne da aka daina karɓa, ko ahu da anini na da waɗanda ba azurfa ba, toh maganarsa daidai ce, darajarsu ta kuɗi hukuma ce ta ba su, da ta janye sai suka koma kaya, ka saya bashi ka yi musaya yadda kake so. Azurfa fa? Ba hukumar Amurka ce ta sa ta cikin dukiyar riba ba balle in ta daina yawo a kasuwa hukuncin ya faɗi, nassi ne ya ambace ta da sunanta, kuma a ruwayar Abu Dawud ta hadisin Ubada an ce ɗanyarta da bugaggiyarta duk ɗaya. Su masu wannan ra'ayi suna jingina da Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim da suka ce kayan ado na halal aikin maƙeri ya fitar dasu daga zama kuɗi, ana iya sayar dasu da fiye da nauyinsu. Toh na farko wannan ya saɓa ma abinda mazhabobi huɗu suke kai. A Muwaɗɗa wani maƙeri ya bi Ibn Umar yana ta maimaita masa tambaya, ina ƙera zinare in sayar da fiye da nauyinsa in ɗauki ladan aikina, Ibn Umar ya hana shi bai sassauta ba. Ga kuma hadisin Fadala na sarƙar Khaibar da ya saya dinari 12, da ya kwance ta ya samu zinaren ciki ya fi haka, aka ce kar a sayar sai an rarrabe, kaga sarƙa ai kayan ado ce amma bata fita ba. Na biyu, kuma nan ne nake so ka lura, ko da mun sallama musu, su ɗin a kan kayan ado suke magana, Ibnul Ƙayyim da kansa ya bambanta aikin maƙeri da bugun kuɗi ya ce bugun kuɗi ba a yi masa ƙima. Kwandalarka bugun kuɗi ce, har gobe a dokar Amurka kuɗi ce, kuma tsadarta ma ba daga aikin hannu ta zo ba, daga ƙaranci ta zo da rashin ƙwarzane. Sikelin makin nan na 1 zuwa 70, bambancin mai maki 63 da mai maki 65 (MS-63 da MS-65) ƙwarzane ne ƙanana a kumatun hoton da ƙyallin jikinta, wanda a yaren fiƙihu shine kyau da rashin kyau, kuma kyau ba a lissafa shi idan azurfa ta haɗu da azurfa. Gidan robar ma bai canza komai ba. Alamar da zata nuna maka gaskiya, in farashin azurfa ya tashi ka duba na 1921 ɗinka, zaka ga sun bi shi, agogo baya haka. Kakanninmu a Kano da Borno sun san dalar Mariya Tiriza mai kwanan 1780, mata sun huda ta sun rataya a wuya, bata daina zama azurfa ba don ta koma ado.

Abinda ya wuce ka yi shi cikin rashin sani, ka yi istigfari. Sauran bashin shagon ka biya gaba ɗaya yanzu in da hali kar ka sake buɗe wani, musayar kuwa in mai shagon zai yarda a warware a sake ta yadda na faɗa shi ya fi.

Zakka ta hau kanka. Nisabin azurfa dirhami 200 ne wajen giram 595, kwandala 25 sun kai, kai kana da 31 wato kusan giram 745, kuma ba kayan adon mace bane balle a ce akwai saɓani. In ajiya kake don sha'awa, ka fitar da kashi 2.5 cikin 100 na kuɗin azurfar da ke ciki a farashin ranar, duk shekara, haɗe da sauran kuɗinka. In kuwa niyyarka su yi tsada ka sayar, ni shawarata ka ƙimanta su da abinda za a saye su a hannunka yau ka fitar a kan wannan, shi ya fi kuɓutar da kai. Ka lissafa tun shekarar da suka cika nisabi, wadda ta wuce baka fitar ba bashi ce a kanka.

Akwai abubuwan da baka tambaya ba. Katin da kake biya dashi in na bashi ne mai kuɗin ruwa, wannan ya fi duk abinda muka tattauna hatsari. Biyan kamfani su duba maka kwandala su ba ta maki ijara ce halal, amma goge kwandala ta yi ƙyalli ka sayar ma wanda bai sani ba algus ne, su kansu masu harkar sun ɗauki gogewa a matsayin aibi mai karya farashi, dole ka faɗa. Jabu kuma sun yi yawa har gidan robar ake kwaikwaya, akwai masu liƙa CC ko S a jikin wadda bata da shi, duk wadda zaka saya ka duba lambarta a shafin kamfanin ka kwatanta da hoton.

Sai maganar iyalinka, wadda ka saka a ƙarshe kamar ba komai ba. Dukiyarka ce, shari'a bata wajabta maka kai mata lissafi ba muddin ci da sha da haya basu taɓu ba. Amma kai direba ne kullum kana kan hanya, rai kuma a hannun Allah yake, in ta Allah ta kasance matar da bata san menene CC ba zata kwashe su ta kai inda ake awon azurfa a ba ta kuɗin nauyi, haƙƙin marayu ya tafi a banza. Ka samu littafi ka rubuta kowace ɗaya da shekararta da makinta da lambarta da nawa ka saya, da bashin da ya rage a shago, ka zaunar da ita ka nuna mata inda suke a wannan satin.

Wallahu a'alam.