Tambaya da Amsa: Me ke jan jirgi hagu wajen tashi?

TAMBAYA: Malam, ina koyon tuƙin jirgin sama da ƙaramin jirgi samfurin Cessna 172. Da na ba shi wuta sai hancinsa ya karkata hagu. Kuma malamina ya nace sai na karanta takardar duba matakai, alhali na haddace ta. Daga wani ɗalibi a Daura.

AMSA: Ɗana, farfela, wato fankar da ke juyawa a hancin jirgin, ce ke jan sa. Iskar da take murɗawa tana zagaye jikin jirgin ta bugi wutsiya ta hagu, ƙarfin injin kuma ya ƙara jan hancin. Kada ka gyara da sitiyari, fedar dama ce maganinsa. Tura totur a hankali har ƙarshe, ƙafar dama na ƙara dannawa, idonka can ƙarshen titi. Da gudu ya kai not 55 (not shi ne ma'aunin gudun jirgi), ja sitiyari kaɗan, ka hau da kusan not 75. Fizgewa da wuri na iya sa fikafikai su rasa ɗauka kusa da ƙasa.

A zafin Afrilu a Katsina iska ba ta da kauri, jirgi zai ci titi fiye da lokacin sanyi, don haka lissafa nisan tun kana ƙasa.

Batun takardar kuwa, malaminka yana da gaskiya. Hadda tana zamewa da zarar rediyo ya katse ka. Karanta da baki, ka taɓa abin da hannu: makunnin mai, tirim (mai daidaita hancin jirgi), filaf (faifan bayan fiffike), ƙofofi. A samfurin 172S, wajen gwajin maganeto (mai ba filogin injin wuta) a juyi 1,800 a minti, raguwar juyin kada ta wuce 150. In an katse ka, koma farkon sashen.