Ɗana ya ce tsara baje kolin fasaha zai yi, aiki ne kuwa?

Tambaya: Ɗana ya gama karatun zane a Zariya, sai ya ce shi tsara baje kolin ayyukan fasaha zai yi. Ni a sanina jera kaya ne da kaɗe ƙura a gidan tarihi. Akwai abin yi a ciki? Daga wata uwa a Kaduna.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki. Mai wannan aiki shi ke zaɓen abin da za a nuna wa jama'a, ya binciko asalinsa, ya san wanda zai rataya kusa da wane, sannan ya rubuta ɗan bayanin da ake liƙawa a gefe. Wannan 'yar takarda ita ce ta fi ci mini rai. Shekara da shekaru gidajen tarihin Turai suna ajiye sassaƙen Afirka da sunan ƙabila kawai, kamar ba hannun mutum ne ya yi ba. Sai da masu bincike suka bi diddigi aka gane ƙofofi da ginshiƙan fada da dama aikin Olowe na Ise ne, gwanin sassaƙa Bayarabe, har aka shirya masa baje koli shi kaɗai a Washington a 1998.

Cikin waɗanda suka yi fice a wannan aiki akwai Okwui Enwezor, haifaffen Kalaba; kimiyyar siyasa ma ya karanta, amma shi ya jagoranci Documenta, babban baje kolin fasaha na duniya da ake yi a Jamus, a 2002 da babban baje kolin Venice a 2015, ya shigar da masu zanen Afirka zauren da a da ake hana su ƙofa. Ni dai aikin Bisi Silva, 'yar Najeriya mai tsara baje koli, ya fi burge ni, domin gida ta dawo ta zauna. A 2007 ta buɗe cibiyar fasahar zamani ta CCA a Yaba, Legas, ta tara littattafai, ta horar da matasa. Koyo Kouoh, wata mai tsara baje koli, ita ma ta buɗe irin wannan cibiya a Dakar a 2008.

Ba zan ɓoye miki ba, kuɗin harkar ba su da yawa, tallafi ake nema. Amma aiki na nan jibge. Masu ɗinkin aska takwas, masu zanen ƙwarya, maginan da suka ƙawata bangon Zariya, su wa ke rubuta sunayensu? Ɗan naki ya koyi rubutu sosai, ya riƙa leƙa Gidan Makama da gidan tarihi na Jos, ya zauna da masu sana'a tun suna raye.