Tambaya da amsa: taya na kuka, mota ba ta tafiya, ina matsalar take?

Tambaya: Salamu alaikum patron, barka da aiki. Ni ina nan Damagaram, ina da Golf 3 GTI mai giyar hannu, abokina kuma BMW 318i gare shi tsohuwar E36. Duk sanda muka jera muka tashi tare sai ya ba ni tsawon mota biyu tun kafin in sa giya ta biyu, ni kuwa taya ce kawai ke ta ihu gaban motar na tsalle, daga baya kuma in ji warin ƙuna. Ina kai allurar juyin inji 5000 kafin in saki kuloci. Dan Allah injin ne ya gaji ko me, kuma ya ƙwararrun masu tseren dirag suke tashi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Injinka lafiyarsa lau, bar shi ya huta. Ai injin da ya gaji ba ya sa taya ihu. Matsalar tana ƙafarka ta hagu da kuma wancan 5000 ɗin da kake kaiwa, sai kuma wani abu da ba laifinka ba ne, wato yadda aka ƙera motar taka.

Duba lissafin. Golf 3 GTI mai lita 2 da bawul 8 doki 115 gare ta, ita 318i ɗin abokinka 113 ne ko 115 gwargwadon shekarar da aka yi ta, kuma ta fi taka nauyi. Kaga a takarda kai ya kamata ka ba shi wuya. Amma duk motar da ta zabura nauyinta baya yake komawa, shi ya sa kake ganin hancin mota ya ɗaga gindi ya zauna. Shi tayoyin baya ke tura shi, to nauyin nan da ya koma baya danna masa taya yake a ƙasa ta ƙara kamawa, kyauta. Kai kuma tayoyin gaba ke jan ka, a daidai lokacin da kake neman su kama ƙasa a lokacin ne ake ɗauke musu kaya, in ka tashi da ƙarfi sama da kilo 100 ke barin gaban Golf ya koma baya. Wannan babu makanikin da zai cire maka shi, sai dai ka koyi zama da shi.

Su masu tseren dirag, wato tseren tashi daga tsaye a miƙaƙƙen gajeren fili, a Amurka, inda Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951, tsawon filinsu rubu'in mil ne wato mita 402, akwai kuma rabin haka mita 201. Amma in ka ga direba ya karɓi takardar sakamakonsa, lambar da yake fara dubawa ta ƙafa 60 ɗin farko ce, mita 18 da ɗan kai kenan. Abin da suka daɗe da lura shi ne duk kashi ɗaya cikin goma na sakan da ka rage a mita 18 ɗin nan, a ƙarshen fili yakan zama kusan kashi ɗaya da rabi zuwa biyu. Mota irin taka da tayar titi in direba ya iya tana cin mita 18 a sakan 2.2 zuwa 2.4, kai da yadda ka kwatanta ina jin kana can wajen 2.8 ko 3, to nan tsawon mota biyun ya tafi, ba a giya ta uku ba.

Taya tana ba da mafi ƙarfin kamunta ne lokacin da take ɗan zamewa kaɗan, tana juyi sama da gudun motar da kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, za ka ji ɗan ƙara "ciit" gajere sannan shiru. Da ta wuce haka ta koma ihu da hayaƙi kamun ya faɗi, injin na ƙona isansi mota na tsaye. Mutanen gefe su yi ta tafi, wallahi hayaƙin nan kuɗinka ne ke tashi.

Toh yadda za ka yi. Injinka ƙarfin murɗarsa mafi girma yana wajen juyi 3200 a minti, ba ka da abin nema a 5000 kana tsaye. Fara daga 2500. Taka kuloci har ƙasa, sa giya ta ɗaya, riƙe totur allura ta tsaya cak a 2500, kar ka dinga yi masa wum wum kamar ɗan kabu-kabu yana kiran fasinja, don in allura na hawa da sauka kowane tashi daban zai zo maka kuma ba za ka taɓa gane me ka gyara ba. Sannan ɗago kuloci a hankali har wurin da ya fara kamawa, za ka ji muryar injin ta ɗan sauka motar na son motsi. Ja birkin hannu ka riƙe da babban yatsa a kan maɓallin, shi ke tsare ka. Amfanin wannan shi ne duk ɗan sako-sakon da ke tsakanin haƙoran giya da kardan, wato sandar da ke kai ƙarfi ga taya, da robobin injin ya riga ya ɗame kafin a tashi, ƙarfi ba zai zo musu da duka ba. Kamar jan guga ne daga rijiya mai zurfi, sai ka bari igiya ta miƙe kafin ka sa ƙarfi, in ka fizge ta tana sako-sako tsinkewa take. Amma kar ka daɗe a wannan hali, sakan ɗaya ko biyu ne, in ka wuce haka farantin kuloci kake gasawa.

Lokacin tashi ka saki birkin hannu, ƙafar hagu ta ɗago da sauri amma ba sakin baki ɗaya ba, kamar rabin sakan zuwa sakan ɗaya tsakanin wurin kamawa da sakin ƙarshe, ita kuma ta dama tana shiga a hankali a hankali, ba za ta kai ƙasa ba sai kuloci ya gama kamawa tayoyi sun riƙe. Abin da kake so allura ta zauna kusa da inda ka ajiye ta motar ta zo ta same ta. In allura ta faɗi ƙasa da 1500 motar ta yi kamar za ta mutu, ka saki da wuri ko juyin ya yi kaɗan, ƙara 200 ko 300 ka sake gwadawa. In ta haura sama taya na ihu, rage 300. In ta haura sama amma taya shiru sai wari, kulocin ne ke zamewa, ka daɗe a kansa. Abu ɗaya za ka dinga canzawa a kowane gwaji, kuma ka ba motar minti goma ta sha iska tsakani, ba ka jera tashi biyar a kan kuloci mai zafi ba.

Akwai masu zame ƙafa gefe su bar fedar ta yi tsalle da kanta. Wannan na masu tayar tsere ce mai taushin gefe wadda ke shanye dukan, da giyabos da aka gina don haka, a filin da aka fesa wa wani sinadari mai danƙo har takalmi na mannewa. A Golf mai shekara kusan 30 kar ka soma. Ni a wurina gara kuloci ya ci wuya da giyabos ya ci, faranti abin canzawa ne dama, giyabos kuwa sai ka aika Kano ko Kwatano kana addu'a a samo mai kyau.

Wancan tsallen da ka ce gaban motar na yi shi ya fi damuna a duk tambayarka. Taya ce ke kamawa ta saki ta kama ta saki sau da yawa a sakan guda, injin na lilo a kan robobinsa, kowane kamu guda duka ne a kan kardan da difaransiyel. Giyabos ɗin waɗannan Golf masu bawul 8, wanda ake kira 020, an san shi da raunin ƙusoshin da ke riƙe babban haƙorin difaransiyel, in suka karye sukan huda kaskon giyabos ɗin mai ya zube. Don haka da ka ji tsalle ya fara ɗaga ƙafa nan take ko ka taka kuloci, wannan tashin ya riga ya lalace, kar ka ce za ka danne shi da totur. Kuma ka je garaji a duba maka robobin da injin ke zaune a kai da na hannuwan tayar gaba da shokozoba, zafin garin nan yana busar da roba ta tsattsage, galibin Golf ɗin da ke shigo mana garaji robobinsu sun mutu masu su ba su sani ba.

Yanzu taya, nan ne mutanenmu ke asara ba su lura. Yawancin tayoyin kwance da ke zuwa daga Turai na lokacin sanyi ne, duba gefe in ka ga M+S ko hoton dutse da ƙanƙara a ciki to galibi an yi ta ne don sanyin ƙasa da digiri 7, a gudron ɗinmu na watan Afrilu laushi take ta yi ta murɗewa. Sannan nemi lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, 2316 na nufin sati na 23 a 2016. Taya mai shekara takwas ko tara ko zanenta na nan robar ta ƙeƙashe, ba tashin da za ta yi maka. Iska kuma, in kana yawo da bar 2.2 a gaba sauke zuwa 1.8 lokacin gwaji, na baya ka ƙara musu kaɗan su yi saurin gangarawa, in an gama ka koma wurin mai faci ya mayar kafin ka hau hanya. Ƙona taya kafin tashi da kake gani a bidiyo na masu tayar tsere ne da ke buƙatar zafi, tayar titi ba ta son haka, juyi ɗaya gajere don kakkaɓe tsakuwa ya isa.

Sai yashi. Mu nan ko ina gudron yake da ɗan yashi kwance a kai, balle lokacin hunturu da ƙura, kuma siririn yashin da ido ba ya gani sosai yana iya cinye kusan rabin kamun taya. Tsintsiya a mita 20 ɗin farko ta fi maka duk wani gyaran inji na jika hamsin. Zafi ma na da nasa, iskar digiri 42 ta fi ta digiri 20 sauƙi da kusan kashi 7 cikin ɗari, injin na shaƙar ƙasa da abin da ya saba, shi ya sa juyin da ya yi maka daidai da asuba a watan Janairu zai iya kasa ka da azahar a watan Mayu. Kashe kilim, wato na'urar sanyaya mota, fitar da tarkacen da ke but, kar ka cika tanki.

Ban san inda kuke jerawa ba amma in a hanyar Mirriya ne ko ta Tanut ku daina. Mota irin taka tana kaiwa ƙarshen mita 402 da gudun da ya haura kilomita 120, daga nan kana buƙatar fili mai tsawo na tsayawa, hanyoyin nan kuwa ga amalanke ga awaki ga ƴan makaranta ga tankokin matatar mai ta SORAZ. Ita NHRA ɗin ma dalilin kafa ta kenan, a kwashe samari daga titi a kai su fili rufaffe. Kuma su da duk shirinsu, bayan rasuwar direba Scott Kalitta a 2008 sai da suka rage wa manyan motocinsu tsawon tsere zuwa ƙafa 1000, wajen mita 305, don a samu wurin tsayawa. Ku haɗu ku nemi izinin hukuma a wurin da aka tare, da hular kwano da bel. Abin daɗin shi ne koyon tashi ba ya buƙatar mita 402, mita 18 kawai kake aunawa, gudunka bai fi kilomita 45 zuwa 50 ba a wurin. Sa dutse a farko da ƙarshe, wani ya ɗauke ka bidiyo da waya daga gefe, in wayar na ɗaukar hoto 30 a sakan sai ku ƙirga hotunan daga motsin farko zuwa dutse na biyu, 72 ya zama sakan 2.4 kenan.

A filin gaske fitilu ke ba da izini, rawaya uku suna kunnuwa ɗaya bayan ɗaya rabin sakan tsakani sannan kore, kuma ƙwararru a rawaya ta ƙarshe suke sakin ƙafa don kafin jiki da mota su amsa kore ta kama. Ku da hannu ake sauke muku, to ka kalli kafaɗar mai ba da alamar ba tafin hannunsa ba, ita ke fara motsi.

Giya ta biyu kuma kar ka jira injin ya kai maƙura yana kuka. Ƙarfin dokinsa mafi girma yana a 5400, ka canza wajen 5800, ɗaga totur, taka kuloci har ƙasa, ja sandar da yatsu ba da damtse ba. Masu canzawa ba su ɗaga totur ba suna samun ɗan abu kaɗan amma zoben da ke daidaita giya ta biyu ne ke biya, in ka fara jin "ƙarr" duk sanda ka sa ta biyu to shi ne ya tafi. Kafin ma ka fara duk wannan gwada kulocinka, tunda ka ce kana jin wari: kana tafiya a giya ta huɗu wajen kilomita 50 ka taka totur har ƙasa, in allura ta yi sama gudu bai ƙaru ba faranti ya gama, canza shi tare da murfinsa da boris ɗinsa gaba ɗaya sannan ka yi tafiyar gari kamar kilomita 500 a hankali ya zauna kafin ka je neman abokin naka.