Filin Tambaya: Manhajar korona da ke wayar Inna, in goge ta ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. A Makka aka haife ni, a unguwar Hindawiyya muke zaune. Tun lokacin korona na sa wa mahaifiyata manhajar Tawakkalna a wayarta, kuma har yau hankalinta bai kwanta da ita ba. Ta ce tana kai rahoton duk gidan da ta shiga. In za ta gaida wata aminiyarta da igamarta, wato takardar izinin zamanta, ta mutu, a gida take barin wayar. Kullum sai ta ce in goge mata. Maigidana kuma ya rantse in wata annoba ta sake zuwa, Allah ya kiyaye, babu mai sa shi ɗora komai a wayarsa. In goge ne? Kuma da gaske abubuwan nan sun yi amfani, ko wahala kawai muka sha?
*Maman tagwaye, Makka*

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki gaida min Inna da kyau, ki ce mata ban ga laifinta ba ko kaɗan. Matar da take tsoron kada ziyararta ta jawo wa aminiyarta tarhil, wato kora daga ƙasa, ai zumunci take karewa. Amma akwai abubuwa biyu da mutanenmu suka cakuɗa tun 2020, kuma sai mun raba su kafin maganar ta fito.

Manhajojin biyu ne, duka daga hukumar SDAIA mai kula da bayanai ta ƙasar nan Saudiyya. Ta farko ita ce Tawakkalna. Asalinta ba don bin sawun cuta aka yi ta ba, don tasrihi ne, wato izinin fita, lokacin dokar hana fita. Kin tuna, an fara dokar ranar 23 ga Maris 2020, ranar 2 ga Afrilu kuma aka mayar da ta Makka da Madina awa 24, wanda aka kama a waje babu izini tararsa riyal 10,000. Daga baya aka ƙara mata launukan nan da kowa ya haddace: kore mai duhu ga wanda ya yi rigakafi, ruwan lemo ga wanda ya yi cuɗanya da mai cutar, ruwan ƙasa ga wanda ya kamu. Ita wannan a ɗaure take da lambar igamarki, ta san sunanki, tana kuma neman izinin sanin inda wayar take. Ta biyu ita ce Tabaud, wadda ta fito a Yuni 2020, kuma ita ce ainihin mai bin sawun cuɗanya. An gina ta a kan tsarin da Apple da Google suka yi tare. A lokacin da take aiki, wayarki da ta maƙwabcinki a layin kanti suna musayar wasu lambobi ta Bluetooth, lambobin suna canzawa a kai a kai, babu suna, babu unguwa. In ɗayanku ya kamu ya kuma sanar a cikin manhajar, duk wayar da ta kusance shi cikin kwana 14 sai ta samu gargaɗi, ba tare da an faɗa mata ko wane ne ba.

Abin da ya daɗe yana damuna shi ne, wadda ta fi rufa asiri ita ce mutanenmu suka ƙi, wadda ta san komai namu kuma ita kowa ya ɗora. A gidanmu na Jidda mu tara ne masu waya, kuma ni kaɗai na sa Tabaud. Tawakkalna kuwa har kawuna da ba ya karanta saƙo sai an karanta masa, ya iya buɗe ta ya miƙa wa mai gadi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Daga farkon 2021 ba ka shiga kasuwar zamani ko ma'aikata sai ka nuna ta, daga 1 ga Agusta 2021 kuma sai launinka ya nuna ka yi rigakafi. Umra ma da aka sake buɗewa ranar 4 ga Oktoba 2020, sai da tasrihin manhajar I'itamarna, shi kuma ba ya fita sai Tawakkalna ta tabbatar da lafiyarka. To wa zai yi gardama da ƙofar Harami? Mutane sun ɗora, amma kada a ce mini duk sun yarda. Dole ce ta sa su, shi ya sa shekaru sun wuce Inna tana barin waya a gida.

Ita kuwa Tabaud, lissafinta ne ke kayar da ita in jama'a ba su shiga da yawa ba. Sai wayoyi biyu duk suna da ita gargaɗi ke tafiya. In mutum 2 cikin 10 ne suka sa, to cikin haɗuwa 100 guda 4 kacal za ta gani. In 6 cikin 10 ne, za ta ga 36. Ki faɗa wa maigidanki wannan lissafi, domin ƙin sa ba kansa kaɗai ya shafa ba, har da wanda suka haɗa sahu a masallaci.

Bari in ba ki abin da na gani da idona. A watannin kulle ina cikin ma'aikatan jinya da aka ba aikin kiran waɗanda gwajinsu ya nuna sun kamu, mu tambaye su da wa da wa suka zauna. Wata ranar azumi na kira wani direba, daga sunansa na gane namu ne. Na tambaye shi da Larabci su nawa ne a ɗakin, ya ce shi kaɗai. Alhali ina jin tari a bayansa, tari mai nauyi na dattijo, ina jin ana jan butar alwala a kan siminti. Sai na juya harshe na ce, "Malam, sannu da jiki. Wane ne wannan mai tarin?" Ya yi shiru har na zaci layin ya katse. Can ya ce, "Baiwar Allah, ke Bahaushiya ce? Don girman Allah kada ki tona mana asiri." Su bakwai ne a ɗaki ɗaya, huɗu ba su da takarda. Na karanta masa umarnin Sarki Salman na 30 ga Maris 2020, cewa a yi wa kowa maganin korona kyauta, ɗan ƙasa da mai igama har da wanda ya saɓa dokar zama, ba tare da an hukunta shi a kan haka ba. Bai taɓa ji ba. An yi ta sanarwa a talabijin, amma ba ta iso ɗakinsu da harshen da zai shiga zuciyarsa ba. Ya sa na maimaita sau biyu, sannan ya fara kirga min sunaye. Dattijon mai tari ya kwana asibiti a daren, ya kuma tashi.

A ɗakin nan waya biyu ce kacal ke hawa intanet. Sauran ƙananan Nokia ne masu maɓalli, ɗaya ma mutum uku ke karɓar kira da ita. Babu manhajar da za ta ga waɗannan bayin Allah, kuma irin ɗakunansu ne cutar ta fi samun wurin zama. Ba banza ba unguwannin da aka fara killacewa a Makka a ƙarshen Maris suka haɗa da Hosh Bakar da Nakkasa da Misfala, a Jidda kuma, a farkon Afrilu, Gulail da Kilo 14. Wuraren cunkoso ne, kuma kin san yawan namu a cikinsu.

Kin tambaya ko sun yi amfani. Sun yi, inda aka karɓe su. A Ingila da Wales, masu bincike sun wallafa a mujallar Nature a 2021 cewa manhajarsu, mai irin tsarin Tabaud, ta hana dubban ɗaruruwan mutane kamuwa cikin watanni ukun ƙarshe na 2020. A nan ma na ga mutanen da launin ruwan lemo ya zaunar a gida kafin su kai cutar ga iyayensu tsofaffi. Amma tsoron maigidanki shi ma yana da tushe a duniya. A Singafo an yi wa jama'a alkawarin cewa bayanan manhajarsu ta TraceTogether na lafiya ne kawai, sai a Janairu 2021 gwamnati ta amsa a majalisa cewa 'yan sanda na iya karɓarsu don bincike. Mutane suka fusata, har sai da aka yi doka a watan da ya biyo baya aka taƙaita abin ga manyan laifuka. Don haka ni ba na ce wa kowa ya rufe ido ya danna "na yarda". Ranar da aka sake kawo irin wannan, ya tambaya: me take ɗauka, wa zai gani, yaushe za a share? A ƙasar nan yanzu akwai dokar kare bayanan mutum, wadda ta fara aiki a Satumba 2023, kuma tambayar ba rashin ladabi ba ce. In amsar ta yi kama da ta Tabaud, ni dai zan sa, zan kuma roƙe shi ya sa. Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, kuma babu wanda ya fi shi tawakkali a cikinmu.

Yanzu batun wayar Inna. Tun 2022 aka daina neman Tawakkalna a ƙofofi saboda korona. Ta koma manhajar hidimomi, ana ganin katin shaida da wasu takardu a cikinta, tasrihin Umra da na Rauda kuma ya koma manhajar Nusuk. In ba ta amfani da ita, babu laifi ki goge, ranar da buƙata ta taso a sake saukewa. In kuma kina so ta zauna saboda katin, ki zaunar da Inna kusa da ke, ki shiga saitin wayar, ki buɗe wurin izinin manhajoji, ki kashe mata izinin sanin wuri a gaban idonta. Ki bari ita ta danna da yatsanta. Sannan don Allah ki roƙe ta ta daina fita babu waya. Mace mai shekaru, a zafin Makka, tana hawa tudun unguwa ita kaɗai, in jiri ya ɗebe ta a hanya da me za ta kira ki? Ki rubuta mata 937 a takarda ki manna a bayan wayar, lambar ma'aikatar lafiya ce, ki sa taki lambar a ƙarƙashinta da manyan baƙaƙe.