Idan mawaƙi ya rasu a zango: amsa ga Kawu daga Kumasi

Kawu, Allah ya ƙara girma. Saƙonka ya iso, da tambayar da ka ce an yi ta ja-in-ja a kanta a majalisar ƙofar gida bayan la'asar. Kun ga jana'izar wani mawaƙin Gana a wayar yara, ana kiɗa, samari na rawa da akwatin gawa a kafaɗa, jama'a cikin jajaye da baƙaƙen kaya, shi ne kuke son ku ji ko mu Hausawan da muka zauna a nan haka muke yi idan wani sananne ya faɗi ya mutu a cikinmu. A'a, ba haka muke yi ba. Sai dai a'ar tana da jela, don mun haura shekara ɗari muna maƙwabtaka da mutanen nan tun zamanin fataucin goro, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Abin da kuka gani na Tonawa ne, wato Asante da 'yan'uwansu. A wurinsu dangin uwar mamaci ne ke da gawa, su ake kira abusuwa, kuma shugaban dangin shi ke yanke ranar binnewa, ko matar mamaci da 'ya'yansa sun so ko ba su so ba. Da mutum ya cika sai a kai shi firjin mutuware. Bayan mako guda a kafa rumfuna a yi zaman farko, a nan ake sanar da ranar babban taro, wadda kan kai wata biyu, uku, ko fiye. A tsakani ake gyara gidan gado a shafe shi da fenti, a kafa hoton mamaci a manyan alluna a bakin titi, a jira 'ya'yan da ke Ingila da Jamus su samu hutu. Kusan kullum Asabar ake sawa. A shimfiɗe gawa cikin ado tun daren Juma'a ko asubahin Asabar, jama'a su zagaya su gani, a binne, da yamma a zauna karɓar gudummawa, mai lasifika na kiran sunan kowa da abin da ya bayar, ana yanka masa rasit. Lahadi a tafi coci. Ja da baƙi na mutuwar da ta yi zafi ne. Idan tsoho ne da ya ga jikoki da tattaɓa-kunne, fari da baƙi ake sawa.

Mawaƙiyarsu Ebony Reigns ta rasu a haɗarin mota a hanyar Sunyani zuwa Kumasi ranar 8 ga Fabrairun 2018, tana da shekara 20. Ba a binne ta ba sai 24 ga Maris, kwana 44 ke nan, a maƙabartar Osu da ke Akra. Mawaƙi Daddy Lumba kuwa, wanda ya rasu ranar 26 ga Yulin 2025, sai a Disamba aka yi jana'izarsa, bayan dangi sun sha hawa matakalar kotu. Ku da ke ƙasar Wudil ku tuna yadda aka yi da Rabilu Musa Ibro a Disambar 2014. Duk sunan da ya yi, Ɗanlasan aka kai shi, aka sallace shi, aka rufe, jama'a suka zauna a tabarma. Irin wannan muke nema a zango, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi na nan, amma samun sa a nan sai an yi gumi.

Gumin farko na takarda ne. A ƙauye mutum zai cika da hantsi, kafin azahar samari sun gama haƙa, ba wanda zai tambaye ku komai. A Gana akwai doka tun 1960 da ta ce duk mutuwar farat ɗaya, ko ta haɗari, ko wadda ba a san musabbabinta ba, sai an kai ta gaban mai binciken mutuwa, wanda shi ne majistaren yankin. Mutuwar mawaƙi matashi kuwa yawanci irin wannan ce: mota a hanyar dawowa daga wasa, ko faɗuwa a ɗaki, ko a isa asibiti da shi ya riga ya cika. Ana fara kai rahoto ofishin 'yan sandan da abin ya faru a yankinsu, su cike takarda, majistare ya sa hannu, likitan gawa ya yi bincikensa ya rubuta dalilin mutuwa. Da wannan ake zuwa ofishin rajistar haihuwa da mutuwa a karɓo izinin binnewa, sannan a biya kuɗin kabari, don maƙabartar Tafo, inda muke binnewa a Kumasi, ta hukumar birni ce, ba filin gado ba. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne mutuwar yammacin Juma'a. Kotu ta tashi, sai Litinin, gawa ta kwana uku a firji ana ji ana gani.

Don haka ba a taruwa wuri ɗaya a yi ta salati. Nan take ake raba mutane uku. Masu bin takarda, a sa musu wanda ya iya Turanci da Tonanci kuma ya san ƙofofin ofisoshi. Masu tsayawa a mutuware, ko na asibitin Komfo Anokye ne ko wani. Da masu zuwa Tafo su tsaya kan haƙa. Na mutuware su ne aikinsu ya fi muhimmanci, kuma su aka fi mantawa da su. Ma'aikatan wurin sun saba da gawar da za ta yi watanni, saboda haka sau da yawa suna yi mata allurar hana ruɓewa ba tare da sun jira an ce su yi ba. Dole wani ya faɗa musu tun a bakin ƙofa cewa wannan Musulmi ne, yau ko gobe za a ɗauke shi, kada a taɓa.

Binciken gawa shi ne abin da mutanenmu suka fi ƙi, feɗewa ma suke ce masa. Idan mamaci yana da tsohon ciwo da katin asibiti, kuma babu zargin kowa, ana iya roƙon majistare ya ɗauke binciken, limamai da masu unguwa kan sa baki. Idan haɗari ne ko ana zargin guba, ba a ma fara roƙon. Ni a ganina, idan saurayi ne mai suna ya faɗi haka kawai, gara a bari likita ya duba. In ba a yi ba, kafin sadakar uku an ce kishiya ce, an ce abokin sana'a ne ya yi masa sammu, an ce manajansa ne, kuma wannan magana ba ta mutuwa. Takardar likita guda ɗaya tana rufe bakuna da yawa.

Wankan gawar da ta fito daga firji da hannun likita ba irin wanda kuka saba ba ne. Takan fito a sandare, sai a bar ta ta saki kafin a motsa gaɓoɓi, kada a tanƙwara da ƙarfi. Akwai ɗinki daga ƙirji zuwa ƙasan cibiya, wani lokaci da na kai. Matsa cikin nan da ake yi a hankali don fitar da ƙazanta, a nan ba a yin sa. Ruwa ma kwarara shi ake yi, ba a cuɗawa a kan ɗinkin. Sauran kamar kullum ne: alwala, dama kafin hagu, wanki uku ko biyar, na ƙarshe da kafur. Bayan an tsane jiki a bi ɗinkin da auduga mai kauri da filasta, a shimfiɗa leda a ƙarƙashin ƙyallen farko. Wanda ya tsallake wannan zai ga jini ya ɓullo ta likkafani a tsakiyar sahu, gaban dubban mutane da wayoyi a hannu. Shi ya sa ake sayen farin yadi da rara. Masu bin Malikiyya sau da ƙafa suna yi wa namiji guda biyar, riga da rawani da zane da mayafai biyu, mace kuma bakwai, amma uku ma sun wadatar.

Sai taro, wanda shi ne bambancin mai suna da wanda ba shi da shi. Labari kan riga dangi isa gida, uwa ta ji mutuwar ɗanta a bakin yaran da suka gani a Facebook. Abin da ake yi shi ne a tura dattawa biyu wurin iyaye da matar tun kafin a ce wa kowa uffan, sannan a naɗa mutum ɗaya tak da zai yi magana da gidajen rediyo, ya faɗi wuri da lokaci sau ɗaya, kada a canza. Lokacin a ɗaura shi da salla, a ce bayan azahar ko bayan la'asar, don agogo ba ya tara mutanen zango. Lungunan unguwanninmu na Aboabo da Asawase ba sa ɗaukar irin wannan jama'a, sai babban masallaci ko fili. Ana sa samari majiya ƙarfi su yi wa makara zobe, domin kowa so yake ya taɓa, kuma makara takan karkace a irin wannan turmutsutsu. Ɗakin wanka kuwa ba mai shiga da waya.

Masoyansa da ba Musulmi ba za su zo da yawa, cikin ja da baƙi, wasu da furanni, suna jiran a buɗe fuska su yi bankwana kamar yadda suka saba. Ba a korar su, ba a kuma buɗewa. Liman ko mai shela ya yi bayani da Tonanci kafin a tayar: kabbara huɗu ce a tsaye, ba ruku'u ba sujada, ba ta cin minti biyar, ku tsaya daga gefe. Galibi suna tsayawa cikin natsuwa, sai dai mamakin gajartar abin ba ya barin fuskarsu. A Tafo ƙasar ja ce mai danƙo, ruwan sama kuma sau biyu yake zuwa a shekara, don haka da damina akan kwashe ruwa daga ramin kafin a sa mamaci. Inda ku kuke jera itace ko fasassun tukwane a kan 'yar kabari, mu katako muke jerawa, a bi da ganye da laka.

Farin kan da na ambata a addu'a yake fitowa. Ku zaman makokinku tabarma ce a gindin darbejiya, kwana uku, mai zuwa ya ce a yi fatiha, ya ce ya haƙuri, ya tashi, maƙwabta su aiko da kunu da tuwo. Mu a nan addu'ar uku, ta bakwai, musamman ta arba'in, ta zama taro sosai. Ana neman izinin tare titi, a yi hayar rumfuna da kujerun roba ɗari-ɗari da lasifika. Malamai su zauna a sahun gaba, sarakunan zango na kabilu daban-daban su iso da jama'arsu, mai shela na kiran sunan duk wanda ya ba da sadaka da adadin sidin, wato kuɗin Gana, da ya bayar. Mata su fitar da yayi, wato ankonku. A raba masa da goro, a dafa shinkafa da wake a ƙulla a leda ko a zuba a robobi. Wanda ya san taron gudummawar Tonawa ya kalli wannan, zai gane inda aka ɗebo wani abin, ko da yake ba kiɗa, ba giya, ba gawa. Malaman Ahlussunna suna sukar abin, suna cewa an juya hadisin iyalan Ja'afar, maimakon a dafa wa masu makoki su ne ke cin bashi su ciyar da gari. 'Yan Tijjaniyya suna cewa addu'a da sadaka suna isa ga mamaci. A batun bashin dai masu sukar sun fi gaskiya, kuma gidaje da yawa yanzu suna haɗe addu'o'in a rana ɗaya don rage kashe kuɗi. Amma ga mawaƙi wannan rana tana da wani amfani. Ita ake nuna wa abokan sana'a da 'yan siyasa da masoya na nesa, a ce ga ranarku nan, ku bar mu mu rufe shi yau. Idan suna son taron tunawa da kiɗa, su yi a wani filin, da sunansu, ba da sunan gidan ba.

Mafi wuya duka shi ne mamacin da ubansa ɗan zango ne, uwarsa Batoniya, ko wanda ya musulunta da girmansa. A lissafinmu ɗan uba ne, a lissafinsu ɗan abusuwa ne, kuma kotunan ƙasar suna ba maganar dangi nauyi a kan gawa. Idan mai suna ne abin ya fi zafi, don taron nasa kuɗi ne. Dangin uwa suna iya samo umarnin kotu a hana mutuware sakin gawa, shi ke nan an shiga makonni. Ƙarfi ba ya aiki a nan. Tun a daren farko ake tura wakilan Sarkin Zango da liman wurin shugaban dangin uwa, da ladabi, a gaisa da su daga dama zuwa hagu yadda suke yi, a roƙi abu ɗaya: a ba mu shi mu binne, ku sa ranarku ku yi taronku da hotonsa, za mu zo mu zauna mu ba da gudummawa. Sau da yawa suna yarda idan aka riga kowa zuwa aka ba su girmansu. Abin da ke sauƙaƙa wannan zama shi ne rubutacciyar wasiyya da shaidu, wadda dangin uwa suka san da ita tun mai ita yana raye.

Ka kuma tambaya ko malamai na ƙin sallatar mawaƙi. Ana sallatarsa kamar kowane Musulmi. Gardamar da ake yi a kan waƙoƙinsa ce, don gidajen rediyon nan da sun ji rasuwa sai su wuni suna sa su. Wasu iyaye kan roƙi a dakata har a share makoki, wasu su ce a daina gaba ɗaya, wasu kuma su bari saboda kuɗin da ke shigowa na marayu ne. Kafin a kai ga wannan, tun a gaban makara liman ke tambaya ko akwai mai bin sa bashi, wani daga dangi ya tsaya ya ɗauka. A kan mawaƙi a sa ran masu zuwa daga baya: waɗanda suka ba da kuɗin kafin alƙalami na bikin da bai kai ga zuwa ba, da yaran kiɗansa da ba a sallama ba. A buɗe littafi, a rubuta kowa da shaidarsa, a biya kafin a taɓa gado. Matarsa kuma ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, a ɗakinta, ba a fito da ita gaban kyamara ko da ranar addu'a ce.

A gaida mutanen majalisa, da su Inna.